Hajiya Babba da Baƙin Salatif

Fijo 504 ce, haɗin Kaduna. Kawuna ya saye ta sabuwa dal tun zamanin Shagari, da ya rasu sai ta faɗo cikin rabona, domin sauran magada kowa cewa ya yi ya yafe mini. A lokacin na ɗauka zumunci ne. Motar ta girmi matata, shi ya sa yaran gida suka raɗa mata Hajiya Babba, sunan da har yau uwarsu ba ta ga abin dariya a ciki ba.

Hajiya Babba ba ta gardamar tashi da safe. Aibinta ɗaya ne, duk inda ta kwana sai ta bar shaida. Da farko ɗigon baƙin mai ne kamar kwabo a ƙofar gida. Kafin wata uku ya zama taswirar Najeriya, har da Tafkin Chadi can gefe. Mai gidan da nake haya ya zo ya tsaya a kai, ya ce, "Malam, simintin nan fa ba ya cikin kuɗin haya." Tun daga ranar nake shimfiɗa mata kwalin taliya kowane dare, kamar mai rainon yaro mai fitsarin kwance.

Na kai ta wurin wani yaro makaniki a bayan layinmu. Ko bonet bai buɗe ba. Ya durƙusa ya shafo ƙarƙashin injin, ya nuna mini yatsa baƙi ƙirin, ya ce, "Oga, gaskit ɗin ƙasa ne." Na je Ƙofar Ruwa na sayo. Ya kwance kaskon mai, ya ɗauko jan gam ɗin nan na silikon ya ɗan shafa siriri. Ni kuwa da na gaji da neman kwali na ce, "Kai, kada ka yi mini rowa da kuɗina. Lafta!" Ya ce ya isa. Na aika aka ƙaro wani. Sai da muka ƙarar da guda biyu hankalina ya kwanta.

Washegari kwali ya jiƙe sharkaf kamar kullum.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan sati biyu, da tsakar rana, ina cikin cunkoso a shataletalen Dangi, jar fitilar mai ta fara ƙifta mini ido. In na taka totur ta mutu, in na saki ta dawo. Na gangara gefe na zaro geji, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai cike fal. To me kuma take so?

Da dare na kai ƙara majalisar mai shayi, inda babu cutar da ba ta da likita. Wani ya ce in zuba mai mai kauri. Wani ya ce akwai wani ɗan gwangwani mai yauƙi kamar zuma, da an zuba shike nan. Sai wani tsohon direba ya kurɓi shayi ya ce, "Tunda mai na nan, fitilar ce ke ƙarya. Waya ce ta saki." Cikin fatawoyin nan uku na zaɓi wadda ba ta cin ko sisi. Na yanko baƙin salatif na rufe mata baki. Kwana goma ina tuƙi cikin kwanciyar hankali.

Ranar wata Asabar aka ɗora mini kai dattawan unguwa ɗaurin aure Zariya. Su biyar, har da na'ibin limaminmu a gaba, kowa ya ci babbar riga ta sha sitaci. Muka wuce Kura lafiya, muka wuce Ciromawa. Muna dosar Kwanar Dangora sai wata ƙara ta taso daga gaba, kaf-kaf-kaf, kamar tela yana gaggawar ɗinkin sallah. Na ƙara sautin rediyo. Na'ibi ya miƙa hannu ya rage, ya ce, "Malam, wannan ƙarar da ita aka ƙero motar?" Ban kai ga amsawa ba zafin rana ya ɗago salatif ɗin, ya faɗo mini a cinya. Ga fitila jawur, ta ma daina ƙiftawa, kallona take ido cikin ido. Na kashe mota. Dattawa biyar suka naɗe hannun riga suka tura.

Wani tsohon makaniki muka samu a gindin darbejiya yana cin rake. Na riga shi zaro geji, don in wanke kaina a gaban jama'a. Na ce, "Baba ka gani, mai cike yake."

Ya tofar da tuƙar rake. "Ɗana, in rijiya ta cika amma guga bai shiga ba, ka sha ruwa?"

Ya ce geji yawan mai kaɗai yake nunawa, fitila kuwa ƙarfin turinsa take tsaro. Akwai famfo da ke zuƙo mai daga kasko ta cikin wata 'yar rariya, ya tura shi cikin mital har sama wurin tafet. In inji ya ɗau zafi mai yana tsinkewa, in kuma mota tana silo famfon a hankali yake juyawa, shi ya sa ta fara yi mini magana a cikin cunkoso. Ƙarar da muka ji kuwa ƙarfe ne ke cin ɗan'uwansa a bushe. Ya kwance oyil suwic, ya ɗaura wani agogon awo a gurbinsa, ya ce in tayar na ɗan lokaci. Allurar ta ɗan motsa kamar wadda aka tasa daga barci, ta koma ta kwanta.

"Fitilarka mai gaskiya ce," in ji shi. "Ko mital ya cinye, ko famfo ya gaji, ko rariya ta toshe. Ka yi addu'a ta ukun ce." Na'ibi ya ɗaga hannu, duk muka shafa.

Da inji ya huce aka tsiyaye mai, aka sauke kasko. Baba ya zura yatsa cikin rariyar ya shiga zaro jan gam zare-zare, kamar taliyar da aka dafa da manja, ya jera a kan kwali don kowa ya gani. Ashe da aka ɗaure kusoshi, rarar gam ɗin ciki ta matso, ta gutsuttsure, famfo ya zuƙe ta.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Wallahi Baba, yaran yanzu sai addu'a."

Ya duba mital, ya ce saura ƙiris inji ya buga, amma na sha da ƙyar. Aka mayar da komai, aka zuba sabon mai galan guda, allura ta miƙe tsaye. Sai na tuna da kwalina, na ce saura yoyon. Ya sa yaronsa ya wanke injin tas da kalanzir, ya bushe, sannan ya aike shi shago ya sayo hodar jarirai. Ya barbaɗe injin da ita har ya yi fari fat kamar fuskar amarya, ya ce in tayar. Muka yi cirko-cirko, mu bakwai, muna leƙe. Can sai ga wani siririn baƙin layi yana ratsa hodar, daga jikin suwic ɗin nan kusa da filta, ya gangaro a hankali har bakin kasko, daidai inda yaron nan ya shafo da yatsa.

"Mai ba ya hawa sama," in ji Baba. "In ka gan shi a ƙasa, ɗaga kanka." Suwic ɗin da aka canja bai kai kuɗin gam biyun da na saya ba.

Mun shiga Zariya bayan la'asar, ana naɗe tabarmi. Dattawa suka yi wa uban amarya Allah ya sanya alheri, aka ba mu ragowar goro, biyu daga cikinsu suka ce za su kwana wurin 'yan'uwa, sa dawo a motar haya.

Na iso gida sha ɗaya saura. Uwargida ta karɓi babbar rigata za ta rataye, sai ta tsaya, ta kai ta hanci, ta sake kaiwa.

"Baban yara, ɗaurin aure kuka je ko suna? Hodar wace ce wannan?"

Na ce, "Ta Hajiya Babba ce."

A tabarmar falo na kwana.