Kashin Zomo Ya Fi Kirari Gaskiya

Akwai wani bawan Allah da nake so in tsaya wa yau, tunda na lura ba shi da lauya. Shi ne mutumin nan da akan tarar da sanyin safiya a tsugune a gefen gonar wake, ba bindiga, ba kare, ko gora babu, ya ɗauki wani ɗan dunƙulen kashi yana murzawa da yatsu yana gyaɗa kai shi kaɗai. Mata masu zuwa itace sukan sauya hanya in sun hango shi, yara kuwa su ruga gida da labarin cewa wane ya taɓu. Ni a wurina, duk cikin masu fita farauta a ƙauyensu shi ne mai cikakken hankali, kuma tukunyar gidansa ce za ta ga nama. Farautar zomo da kurciya tun jajibiri ake gama ta, ranar fita ɗauko kaya kawai ake zuwa yi. Wanda bai fara zuwa gona hannu rabbana ya karanta abin da aka rubuta masa a ƙasa ba, to ranar farauta rakiya ya yi wa takalminsa.

A dubi yadda sauran suke yi. An gama kaka, an ɗaure dawa, sai a buga ganga. Samari su fito da layu har gwiwar hannu, wannan da barandami, wancan da adaka wadda kakansa ma sai ya yi addu'a kafin ya ɗana ta, karnuka na haushi, kowa na yi wa kansa kirarin da ya ishi zaki. Duk wannan gayya an tara ta ne saboda dabbar da Allah ya yi wa kunnuwa fiye da tsawon kanta, ya kuma ajiye mata idanu a gefe da gefe yadda take ganin na gaba da na baya ba tare da ta waiwaya ba. Zomo ya ji fitowarsu tun suna bakin kasuwa. Abin dariyar shi ne ba lallai ya gudu ba. Dabararsa ta farko ita ce ya lafe a gindin sabara, ya kwantar da kunnuwa a gadon baya, ya saje da ƙasa, rundunar ta wuce shi da taku biyar tana kirari. In tsautsayi ya sa wani ya kusa taka shi, ya zabura da gudun da kan kai kusan kilomita 70 a awa, yana karkacewa hagu da dama, gorori suna sauka a inda yake ɗazu, wasu kuma a ƙaurin abokan tafiya. Da yamma a dawo da zomo ɗaya da mutum talatin da kowannensu ya rantse kerensa ne ya same shi. Sau da yawa jinin da ke zuba wajen rabo ya fi wanda ya zuba wajen yanka.

Sabon shiga kuma, musamman ɗan birnin da ya ƙoshi da kallon farautar Turawa a waya, da wani kuskuren yake zuwa: rami yake nema. Ya ga a Ingila ana toshe bakin ramuka da raga zomaye na fitowa, ya ɗauka haka abin yake a ko'ina. Ai dabbobin biyu ne. Na Turai, wanda shi ne kakan zomon da muke kiwo a keji, asalinsa yankin Sifen da Fotugal ne, shi ke haƙa gidaje a ƙarƙashin ƙasa ya zauna da dangi, kuma shi ne wanda wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki guda 24 a gonarsa a Ostareliya a 1859 don ya riƙa samun abin harbi, suka yaɗu har sai da gwamnati ta ja shingen waya na fiye da kilomita 3,000 a yammacin ƙasar. Namu na daji ba mahaƙi ba ne. In an matsa masa yana iya faɗawa ramin wani, amma gidansa ɗan kwarmi ne da yake gogewa a gindin ciyawa ko kalgo, daidai girman jikinsa, kuma shi kaɗai yake kwana. 'Ya'yansa ma a fili ake haifarsu, da gashinsu, idanu a buɗe. Saboda haka ramin da gogan naka ya durƙusa a kai yana murmushi yana da mai shi, kuma ba zomo ba ne. In ya yi sa'a na gafiya ne ko kurege ko damo. In bai yi ba, mai gidan ya daɗe da tashi, kububuwa ta karɓi haya. Ita ce macijiyar da sararta ke hana jini daskarewa, kuma ita ce ta fi kai mutane asibitin saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe. Mutum ya fita neman abin miya, ya zura hannu har kafaɗa, a dawo da shi a bayan babur mutum biyu na riƙe da shi.

To me mutumina na tsugune yake karantawa? Kashin zomo dunƙule ne kewayayye, ɗan shafaffe kaɗan, ba shi da nauyi, launinsa na busasshiyar ciyawa, in ka murza shi sai ya warware ya zama dusa, kana ganin guntayen ganye a ciki. Na akuya ya fi duhu, ya fi santsi da tauri, dogo-dogo ne da ɗan tsini a kai ɗaya. Kashin da ya kwana ɗaya yana da sauran danshi da duhu a ciki, wanda ya yi sati rana ta mai da shi fari fat. Wannan bambancin da ake yi wa dariya shi ne tsakanin nama a tukunya da zama a gaban dagaci, domin wanda ya ga kashin akuya ya ce na zomo ne, shi ne zai dawo da magariba ya ga ciyawa na motsi ya saki wuta, kuma akuyar da ta mutu a hannun mafarauci, kowa ya sani, kullum mai ciki ce, kullum tagwaye take haifa, kullum jiya-jiya aka taya ta da tsada aka ƙi sayarwa. Bayan kashi sai cizo. Zomo yana da haƙoran gaba sama da ƙasa masu kaifi, in ya ci karan wake ko ganyen gyaɗa yankewa yake yi a karkace, tsaf, a kusa da ƙasa. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai, don haka fizga suke yi su bar bakin karan a yagalgale.

Sawu shi ne inda zomo ke yi wa jahili wasan ƙarshe. In yana tsalle, ƙafafun gaba ne ke fara sauka, ɗaya a bayan ɗaya, sannan dogayen na baya su tsallake su su sauka a gabansu gefe da gefe. Wanda bai sani ba sai ya ga manyan sawu biyu ya ce nan ne baya, ya juya ya bi layin da ƙwazo da sanɗa har ya isa inda zomon ya ci abincin daren jiya, alhali mai sawun na kwance a ɗaya ƙarshen. Karatun nan kuma yana da lokaci. Zomo da dare yake kiwo, iskar hunturu ba ta barin rubutu a rairayi, kuma da zarar hantsi ya yi aka saki awaki da shanun Fulani a kan kara, an share allon ke nan. Wanda ya tsaya shan koko har rana ta take, abin da zai tarar tarihin garke ne.

Ta wajen tsuntsaye lissafin ya fi sauƙi, don kurciya ba ta iya ɓoye sirri. Mai cin busasshiyar tsaba ce, dole ta nemi ruwa, kuma takan zo da safe da kuma la'asar. Tana da wurin ci, wurin sha, wurin kwana, tana zirga-zirga tsakaninsu ta hanya kusan guda kullum. Masussukar gero ko shinkafa ita ce kantinta. A bakin tafki ko magudanar lambu, irin na Kadawa da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, za ka ga sawunta rututu a laka, yatsu uku gaba ɗaya baya. Makwancinta kuwa ita da kanta take shafa masa farar ƙasa: duk bishiyar da ka ga gindinta ya yi fari da kashi, da 'yan gashi a warwatse, to ka dawo gab da magariba. Hasbiya, mai jan fata kewaye da ido, giginya take so da dogayen gine-gine. Kurciyar gamji kuwa koriya ce, tana iya cika bishiyar ɓaure ba ka ga ko ɗaya ba, sai 'ya'yan itacen da ke faɗowa a ciccije su tona mata asiri. Wanda ya san waɗannan zama yake yi a inuwa tsuntsu ya same shi. Wanda bai sani ba shi ke bin kurciya daga bishiya zuwa bishiya, tana matsawa kaɗan-kaɗan, har ya tsinci kansa a ƙauyen da ba shi da kowa. Sannan a kula: garken da ya sauka a gona kusa da gari, wasu farare wasu roɗi-roɗi, ba su damu da mutum ba, ba albarka ce ta sauko ba, tattabarun wani ne, kuma masu tattabaru sun san adadinsu fiye da yadda suka san na 'ya'yansu.

Na san abin da za a ce. Za a ce nama rabo ne, in Allah ya rubuta maka zomo ko a bakin masallaci sai ya faɗo maka, in bai rubuta ba ko ka haddace kashin dajin Falgore kaf ba za ka samu ba. Ban musa ba. Amma ban taɓa jin manomin da ya ƙi duba inda ƙasa ke da taki don hatsi rabo ne ba, kuma masu wannan magana su ne dai ke ɗaura layu goma sha, wanda ke nuna su ma ba su bar wa rabo aikin shi kaɗai ba. Har ma akwai hujjar addini a ɓangarena. Naman zomo halal ne, hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna an kai wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wani sashe na zomon da aka kama ya kuma karɓa. Amma aya ta 3 a suratul Ma'ida ta sa dabbar da duka ya kashe cikin abin da aka haramta, sai in an riske ta da rai an yanka. Gora duka ce, dutsen danƙo ma duka ne. Wanda ya san makwancin ya matso kusa, wuƙarsa a shirye, shi ke riskar yanka. Mai jifa daga nesa cikin ƙura, in ma ya dace, kafin ya ture abokan gardama ya isa wurin mushe zai ɗauka.

Za a kuma ce ai aikin kare ke nan, me ya sa mutum zai ƙwace masa sana'a? Kare yana da hanci, gaskiya ne, amma ba shi da shawara. Inda ka kai shi nan zai shinshina, kuma in ka kai shi gonar da zomo ya bari tun watan jiya zai kawo maka bushiya da fara'arsa. Masu cewa zagayen jajibiri yana korar nama su ma ba su lura da halin dabbar ba. Zomo da kurciya sun saba da manomi mai wucewa da fartanya a kafaɗa, ba ya hana su komai. Abin da ke tashinsu shi ne hayaniya, da wutar da ragwaye ke cinna wa daji don su huta da karatu, su ƙone harawar mutane da kara, wani lokaci har da rumbu, a kan naman da bai cika kwano ba. Mai dubawa kuma shi ke gane lokacin da ya kamata a haƙura. In ya ɗaga kai ya ga ɗan tsiraran sheƙar nan ta kurciya, tsinke biyar a giciye da fararen ƙwai biyu a kai, ya san harbin uwa ɗaya asarar uku ce.

Ƙorafin da na fi girmamawa shi ne na kunya da zargi, don yana da ƙafa. Magidanci mai iyali ya tsuguna a gonar da ba tasa ba da asuba yana tono a gindin shuka, ba kowa ne zai ce ilimi yake nema ba. Wani zai ce ɓarawon rogo ne, wani zai ce asiri yake binnewa don ya janye albarkar gonar, kuma na biyun ya fi wuyar wankewa, domin in damina ta yi gardama shekara uku masu zuwa, da sunansa za a riƙa kwana. Sai dai maganin wannan yana da arha, shi ne kuma ya fi duk wani sawu amfani. A fara da ƙofar gidan mai gona. A yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce, Baba, na ji an ce zomo na damun waken nan naka. Daga nan ba sai ka sake magana ba. Mutumin da ya yi wata uku yana tsine wa dabba ya san ta wace kusurwa take shigowa, ya san kunyar da ta fi yi wa ɓarna, ya san bishiyar da kurciyoyi ke taruwa kafin su sauko masussuka, zai kuma kama hannunka ya kai ka har wurin, ya gaya maka inda ya ɗaure akuyarsa don kada a yi abin kunya.

Saboda haka, mai karatu, in kana da niyyar fita ranar Asabar, ka je gaisuwar nan tun Alhamis, ka yi zagayenka Juma'a bayan sallar asuba, da takalmi mai rufe idon sawu da sanda ta tona ciyawa, hannunka kuma ya tsaya a aljihu duk ramin da ka gani. In Allah ya ba da sa'a, cinya ɗaya ta mai gona ce.