Masu Noman Ciyawar da Ba a Ci

Da zarar hazon hunturu ya janye a watan Maris, rana ta fara gasa kwanon rufi, mangwaro ya fara nuna, mutanen Tudun Jukun da ke Zariya sai kowa ya koma duban gabas. Manomi yana jiran ruwan shuka. Mai gidan ƙasa yana tuna yaɓen da bai yi ba da indararon da ya karye tun bara. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru masu duban hadari saboda wani dalili da kakanninsu da sun ji da sun yi salati: ciyawa suka dasa a cikin gida, da gangan, da kuɗinsu, alhali ba su da doki ba su da tunkiya. Ta kallo ce kawai.

A tarbiyyar Bazazzage, tsakar gida mai kyau ita ce wadda aka share tas har sawun tsintsiya ya fito. Ciyawa a ƙofar gida kuwa shaida ce ta ɗaya daga cikin biyu, ko kango ne, ko mai gidan malalaci ne, kuma a da duba-gari ba ya wuce irin wannan ƙofa bai tsaya ba. Turawa ne suka zo da ɗaya ra'ayin bayan sun kama Zariya a 1902, suka shimfiɗa shi a gidajen GRA da filin folo, daga baya ya bazu zuwa tashar binciken noma ta Samaru da aka buɗe a 1922, da makarantu irin su Barewa wadda ta dawo Zariya a 1949. Su a can Ingila yayyafi ba ya yanke musu, har wani Edwin Budding ya ƙera musu injin aske ciyawa tun 1830. Mu nan ruwan shekara bai wuce wajen milimita 1,000 ba, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba, sauran watannin kuwa da ƙyar ake samun ɗigo. Duk wanda ya ce sai ya ga kore a gidansa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, to ya ɗauko rigima da rana, kuma a cikin rigimar ne halinsa yake fitowa.

Shugabansu shi ne tsohon ma'aikacin jami'a. Ya yi shekaru a gidajen ma'aikata na Samaru, ya yi ritaya, ya dawo unguwa da kujerun kushin da tulin littattafai da wani almakashin aske shinge wanda ba a yarda kowa ya taɓa ba. Filin ciyawarsa bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma yana da doka da oda. Ana idar da sallar asuba zai fito da butar ban-ruwa, domin a cewarsa ruwan tsakar rana rabinsa na iska ne, na dare kuma yana kwana a ganye ya jawo ruɓa. Ba ya yayyafi kullum. Sau biyu a mako yake shayar da ita, amma sai ƙasa ta ƙoshi, don saiwa ta nutsa ta bi danshi. In zai yi aski ba ya cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta. Ya san cewa ƙiri-ƙirin da ta bushe ta yi ja da rani ba mutuwa ta yi ba, barci take, kuma tun kafin ruwa ya sauka yake bin ta da manjagara yana kwashe matattun ganye don kada gara ta samu abin yi, ya caccaka ƙasar da ta daskare, ya barbaɗa takin da ya ruɓe tun bara.

Abin haushin shi ne duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Matsalar ita ce ba ya iya faɗinsa a taƙaice. Ka tsaya ka ce, "Baba, sannu da aiki," ka sayi lacca ta rabin awa a kan dalilin da ya sa ƙiri-ƙiri ba ta yi a ƙarƙashin darbejiya, har da sunanta na Latin, Cynodon dactylon, wanda yake furtawa a hankali don ka riƙe. Jikokinsa sun san iyaka. Ƙwallo in ta faɗa ciki sai a tsaya a bakin layi a yi ta kallonta, har wani mai ƙarfin hali ya je ya ce, "Kaka, don Allah a miƙo mana." Shi kansa ban taɓa ganin ya zauna a kanta ba. Kujerarsa a kan siminti take, yana fuskantarta.

Sai Alhajin da ya gano a Abuja. Shi bai san sunan ciyawar ba, ya dai ce a yi masa irin ta gidan abokinsa a Maitama, kuma a gama kafin ɗaurin auren 'yarsa. Masu sayar da fulawa na bakin titi, da yake ba a mayar da ciniki, suka ce ranka ya daɗe ai abu ne mai sauƙi. Aka kawo ta a bayan a-kori-kura a tsakiyar Maris, aka shimfiɗa a kan jar ƙasa mai marmara wadda ko kaftu ba a yi mata ba. Ranar farko har hoto aka ɗauka aka sa a WhatsApp.

Ba wanda ya yi masa lissafin ruwa. Irin wannan ciyawa da zafi tana son kimanin milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowace murabba'in mita, jarka guda cur. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi jarka 100 ke nan, kura goma idan kowace tana ɗaukar jarka goma, duk mako, kuma sabon dashe ya fi haka sha. Wannan a watan da rijiyoyin unguwa suka ja baya, guga sai ya kankaro laka, famfo kuma ya zama abin ado. Mai ga-ruwa shi ya fara gane arzikin da ya faɗo masa. Yanzu gidan Alhaji yake fara zuwa, matan lungu suna leƙowa da bokiti suna kiransa, yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, sai na gama da ciyawa." Wannan magana ta zaga unguwa, kuma ba a yafe ta ba.

Da ciyawar ta fara rawaya, sai Alhaji ya yanke hukuncin yunwa ce. Ya sa aka buɗe buhun yuriyar da aka saya don masara, yaro ya watsa da hannu, da tsakar rana, a busasshiyar ƙasa. Yuriya kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ce, taki ne mai ƙarfi, in ba ruwan da zai narkar da ita ya kai ta ƙasa to ƙona ganye take. Bayan kwana kaɗan ana iya ƙirga duk inda hannun yaron ya sauka. Alhaji ya ce an yi masa baki.

A nan masanan dakali suke shigowa. Ba su taɓa dasa ko albasa ba, amma ba a yin komai ba da fatawarsu ba. Ɗaya ya ce kashin kaji ne maganinta, kuma ɗanye, wanda shi ma ƙonawa yake in bai ruɓe ba. Wani ya ce a kawo na shanu daga ruga, bai faɗa cewa da shi ake shigo da irin ƙarangiya da tsaida da zaƙi-banza ba. Na uku ya ce a banka mata wuta kawai, in ruwa ya sauka za ta fito sabuwa, ya manta akwai tankin roba da wayar janareta a gefe. Duk wadda aka bi ta ɓaci, za su haɗa baki su ce, "Ai mun faɗa."

Mai gaggawa ba ya buƙatar dogon bayani. Hadarin farko na Afrilu, wanda guguwarsa ta fi ruwansa yawa, yana sauka zai fito da fartanya ya dasa. Duk manomin ƙasar Zazzau ya san ruwan farko maƙaryaci ne, yakan ɗauke mako biyu ko uku, shi ya sa ake jira sai ƙarshen Mayu ko Yuni in ƙasa ta sha ta yi sanyi. Shi kuwa kowace shekara sau biyu yake dashe, kuma kowace shekara mamaki yake.

Maƙwabci mai kiwo shi ne mutumin da ya fi kowa yaba ciyawar, kuma da zuciya ɗaya. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai, Alhaji, tubarkalla, wannan abu ya yi kyau," idonsa yana auna dami nawa za ta yi. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a ƙarshen bazara take faɗowa, ta 2025 ma ranar 6 ga Yuni aka yi ta, wato ana turkar raguna daidai lokacin da harawa da dusa suka yi tsada, kuma babu ɗanyen ganye ko ɗaya a unguwa sai a gidan mutum guda. Akuya ba ta san katanga ba, ta san ƙofar da almajiri ya bari a buɗe. In aka kawo ƙara, mai kiwo ba ya musu. Zai tafa hannu ya ce, "Subhanallahi, ita wannan ja'irar! Ai dabba ce, Alhaji, ba ta da hankali." Daga nan sai ya sassauta murya ya tambaya ko in an yi aski ana zubar da abin da aka aske ne. A ganinsa, mutum ya shayar da ciyawa jarka ɗari ya hana dabba ci, wannan almubazzaranci ne da ya kamata liman ya taɓo a huɗuba. Na kasa samun amsar da zan ba shi.

Wadda na fi so a cikinsu duka ita ce uwargida. Ba ta taɓa cewa ba ta son ciyawar maigida ba. Ta dai roƙi ɗan gefe, can wajen magudanar wanke-wanke, ta kafa zogale biyu. Da aka kwana biyu sai ga yakuwa a bakin katanga, wai ita ta fito da kanta. Sai alayyafo, sai kuɓewa layi ɗaya, sai kabewa wadda ba ta san iyaka ba, ta miƙa hannu ta haye rabin filin. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk can suke tafiya, ba ta sayen jarka ko ɗaya. In maigida ya yi magana sai ta ce, "Malam, miyar jiya da ka yi santi, daga ina kake tsammani?" Yaƙin shekara uku ne ko huɗu, kuma ban san gidan da maigida ya ci ba. Abin da ya rage masa a ƙarshe ɗan zagaye ne a gindin famfo, shi ma ta shanya barkono a kai.

A ɗaya ɓangaren akwai mai gaba da duk wani kore. Shi a wurinsa ciyawa gidan maciji ce da sauro, kuma yana da labarin gamsheƙar da aka kashe a gidan wani ƙanin matar abokinsa. Kafin ruwa ya sauka ya riga ya goya tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya bi gindin katanga da lungu har da zogalen maƙwabta da iska ta kai wa. In ya samu kuɗi sai ya kira masu intalok su shafe gidan tun daga zaure har bayan ɗaki, ya sare darbejiyar da ubansa ya dasa wai tana zubar da ganye. A watan Afrilu tsakar gidansa ba ta takuwa da rana, da dare kuma simintin yana amayar da zafin da ya sha, iyali suna kwana suna fifita. A watan Agusta ruwan da ƙasarsa ta saba shanyewa sai ya fito ta ƙarƙashin ƙofa da gudu ya nufi gidan na ƙasa da shi. Daga nan shari'a ta koma gaban mai unguwa.

Ƙaninsa a ra'ayi ya fi shi wayo, ko haka yake gani: ya sayo ciyawar roba, irin ta filayen ƙwallon haya, ya shimfiɗa. Ba ruwa, ba taki, ba aski. Sai dai ƙurar hunturu ta shige ta sai an wanke, da rana kuma tana ƙona tafin ƙafa. Akuyar maƙwabci ta shigo sau ɗaya, ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube shi, ta fita.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya cikin lissafin kowa. Yana da ɗan fili a gefen gida inda ya ce zai yi shaguna in Allah ya hore, ga bulo ma an jibge ya fara baƙi. Bazara ta zo ta wuce bai ɗaga tsinke ba. In aka ce, "Malam, ba za a gyara wurin nan ba?" sai ya ce, "Allah dai ya kawo damina lafiya." Damina kuwa ta zo. Harƙiya da guɗe-guɗe da tuji da ƙyasuwa suka taso kafaɗa da kafaɗa, tafasa ta cika gefe, har mata suna aiko yara su tsinko ta kwaɗo. Zuwa Agusta duk Tudun Jukun ba filin da ya kai nasa kore, har da na tsohon ma'aikacin jami'a, wanda yakan wuce ta wurin ya kau da kai. Da ta kai gwiwa sai ga masu yankan ciyawar dawaki da laujensu da buhu, suna sallama, suna tambaya nawa zai sallama musu.