Kalandar Baba Saja

A wata unguwa, a garin da ba sai na faɗi sunansa ba, an yi wani dattijo da kowa ke kira Baba Saja. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, zamanin da Turawa ke bin sarakuna da hakimai a ba su ƙarti don yaƙin Hitila. A 1943 jirgin ruwa ya kwashe su daga Ikko, ya kewaya ta kudancin Afirka, ya sauke su a Indiya. Daga nan sai dazukan Bama, cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, inda suka gwabza da Japanawa a kwarin kogin Kaladan. Babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. Mai wucewa ta barikin Kalapanzin a Kaduna ko Cindit a Zariya ya sani, sunayen wancan yaƙin ne.

Da aka sallame su bayan yaƙi, ya tuɓe kaki ya rungumi fartanya. Yakan ce a cikin rami ya yi wa Allah alkawari, in ya mai da shi gida ba zai ƙara sallah shi kaɗai ba. Ya cika. Shi ne ladanin masallacin unguwa har muryarsa ta dushe, kuma da kiransa matan unguwa ke tashin yara da asuba. Ya riƙe 'ya'yansa, ya haɗa da marayun ƙanensa, ba a gane ɗan ciki da ɗan riƙo. Shekarar da babban ɗansa ya samu makarantar gaba, kekensa ya sayar, ya koma zuwa gona a ƙasa.

Allah kuwa ya yi wa yaran albarka, sun zama manya a birni. Kada a ce sun manta da shi, a'a, aiki ne ya yi yawa, ga hanya ba kyau. Ai duk ranar 15 ga Janairu akan hango babban a talabijin, da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya maƙale a ƙirji. Maganin hawan jinin tsohon dai mai shayin bakin titi ke saye. Ɗakinsa yana yoyo, Inna matarsa ke tara kwanoni in hadari ya haɗo. Labarin Bama kuwa almajiran zaure suka sha shi har suka haddace, don su ne masu zama.

Sai ranar sadakar arba'in muka san Baba Saja ɗan gata ne. An kafa rumfuna, an toshe layi da motoci, an kayar da bijimai biyu, an raba kalanda mai hotonsa. A ƙasan hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: gwarzon yaƙin Biyafara.

Mai shayi ya juya kalandar, ya matsa kusa da babban ɗan, ya russuna.

"Ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan Baba. Amma ai Bama ya je. Lokacin Biyafara, a 1967, ya fi shekara ashirin da ajiye bindiga."

Alhaji ya gyara hula. "To, Malam, ai duk yaƙi ne."

Aka shafa fatiha, aka watse kafin la'asar, saboda masu komawa nesa. Kalandar ta yi kyau ƙwarai, takardarta mai sheƙi ce, an ce a birni aka buga ta. Inna na nan da ranta a ɗakin, kuma har yau ba a turo kafinta ya duba rufin ba.