Akantan da Ya Tsaya Jiran Canji a Madarunfa

Shekarata goma sha bakwai ina aikin akanta a Kano, kuma ban taɓa rufe littafi da saɓanin kwabo ɗaya ba. Na faɗi haka tun da wuri don in ka ga inda na ƙare kada ka ɗauka daga haihuwa nake haka.

Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a kudu da tafkin Madarunfa a ƙasar Nijar, aure ya kawo ta Kano. Rabona da garin tun ina ɗan shekara bakwai, ba abin da na riƙe sai ɗanɗanon fura da zafin kunamar da ta harbe ni a gindin rumbu. Da kakar 2022 Kawu ya aiko cewa zai aurar da autarsa, in ban zo ba kada in sake kiran sa Kawu. Na ɗinka shadda fara, na soka biro uku a aljihun gaba, na ɗauki ƙaramin littafin rubutu. A zuciyata ba biki kaɗai zan je ba, zan je ne in tsara wa mutanen ƙauye rayuwa. Har na raya cewa kafin in dawo sai na koya musu yadda ake rubuta shiga da fita.

Daga Katsina muka bi ta Jibiya, muka tsallaka a Magama, muka sauka Ɗan Isa. Nan na canza nairorina zuwa sefa, na ƙirga sau biyu a gaban ɗan canjin don ya san da wanda yake hulɗa. Direba ya yi ta ba mu labarin layin dogon da aka kafa harsashinsa a 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta nan ya dire Maraɗi. Wani tsoho a bayana ya ce shi dai in jirgin zai ɗauki awaki to Allah ya kawo shi. Daga Ɗan Isa ɗan kabu-kabu ya goya ni, ya tsaya a bakin hanya ya sha kwalba biyu ta fetur a wajen 'yan ruwa-ruwa, man Najeriya da ya riga ni tsallakowa ba tare da an duba masa takarda ba, sannan muka faɗa cikin yashi. Gero tsaye dama da hagu, an fara yanka, amalanken shanu sai ba mu hanya suke yi a fusace.

Wanda ya tarye ni a ƙofar gida taubashina ne, babban ɗan Kawu. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa ne bawa, kuma har yau ba a yanke shari'ar ba. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Kai, bawana ya yi ƙiba. Mi kake ci a Kano, takarda?"

Kawu bai yi dariya ba. Bayan mun gaisa ya ja ni zaure ya ce in tuɓe shaddar. Na zaci wata al'ada ce ta tarbar ɗan 'yar'uwa. Ya ce a'a, dajin Baban Rafi ba nisa, kuma shekarun nan ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane suna da 'yan leƙen asiri a kowace kasuwa. Farar shadda da wannan tumbi talla ce. Ya miƙo mini wata tsohuwar taguwa da ta ga damina da yawa. Taubashina ya ce a bar ni da shaddata, in an ɗauke ni kwana biyu za a dawo da ni saboda tsadar ciyarwa. A wannan daren na gane dalilin da ya sa shanun huɗa suke kwana a tsakar gida maimakon turke a bayan gari. Na gane ne wajen ƙarfe biyu, lokacin da na ji huci a bakin ɗakina, na tabbata an zo, na cusa walat ɗina cikin buhun ƙaiƙayi na shige ƙarƙashin gadon kara ina karanta duk abin da na haddace. Bijimin Kawu ne yake lasar gishirin da aka ajiye a bakin ƙofa. Matar Kawu ce ta tsince ni da asuba, ƙafafuna a waje. Ba ta faɗa wa kowa ba sai matan da suka zo daka.

Da hantsi na fita neman abin karyawa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba tana sayar da ƙosai a gindin bedi. Na ce ta zuba mini, na tambayi kuɗi, ta ce, "Ashirin." Na zaro ƙwandalar 25 na ɗora mata a tafi, na tsaya. Ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Canjina fa, 'yan mata?" Ta ce, "Baba, wane canji? Dala biyar ka ba ni. Saura sha biyar." Na yi murmushin wanda ya kama ƙaramin ɓarawo, na nuna mata lambar da ke jikin kuɗin, biyu da biyar, na ce ashirin daga ashirin da biyar saura nawa? Har na ciro waya na buɗe mata na'urar lissafi. Kafin in gama mutum shida sun taru, ciki har da mai shayi da ludayinsa.

Abin da kowane yaro a Nijar ya sani, ni akanta ban sani ba, shi ne kuɗin sefa abin da aka rubuta a jikinsa daban, abin da baki ke faɗa daban. Da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Ƙwandalar da aka rubuta wa 100 sunanta dala ashirin, 500 dala ɗari, takardar 1000 kuma jika. Wato yarinyar 100 take nema, ni kuwa na ba ta rubu'in kuɗinta na tsaya ina bin ta bashi. Mai shayi ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ya tashi daga doguwar jinya. Yarinyar ta karɓi cikon kuɗinta ta ce, "A lakkol ɗinku ba a koya muku lissahi?" Kafin azahar sunana ya zama Mai Jiran Canji.

Abin da ya fi cin raina shi ne mutanen da na zo koya wa lissafi suna tafe da lissafi uku a ka. Matar Kawu ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta kai zogale ko gyaɗa kasuwa za a taya da naira, ta juya shi zuwa dala, ta auna da kuɗin tiyar gero na ranar, ta ce albarka ko ta sallama, duk kafin ni in tuna lambar buɗe wayata. Kawu ya san dami nawa ya shiga rumbu, nawa gidan ke ci a wata, nawa za a fitar zakka, da watan da rumbun zai fara amsa kuwwa, wanda shi ne lokacin da samarin gidan ke bazama cin rani Kano ko Legas ko Agadas. Na tambaye shi inda yake rubutawa. Ya ce yunwa ba ta bari a manta.

Don in farfaɗo da darajata sai na ce zan je tafki. Duk wanda ya san Madarunfa ya san ta da ruwan nan da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, inda masu ziyara ke zuwa har daga Najeriya. Tun 2006 Nijar ta shigar da tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su. Na karanta wannan kafin in taso, kuma na faɗa wa taubashina sau uku a hanya. Sai na ƙudura abin da a ganina ba wanda ya taɓa yi: zan ƙirga su ɗaya bayan ɗaya in tabbatar da adadin. Akanta ba ya karɓar jimla sai ya ga rasit.

Wani dattijo da muka tarar a inuwa ya nuna mana na kusa, muka yi addu'a. Da ya ga ina jan layi a littafi ya tambayi taubashina ko ni ma'aikacin haraji ne. Na kai bakwai, aka ce na gaba yana can gaba da wata fadama, sai an zagaya. Na duba da idona na ga zagayen ɓata lokaci ne, ga fili shimfiɗe, kore shar, ba zai fi taku ɗari ba. Wani masunci da ke gyaran koma ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ba a bi nan." Na ce masa na gode, na bi.

Taku goma sha biyu na yi, wannan kam na ƙirga. A na sha uku ƙafar dama ta nutse har gwiwa. Na taka da hagu don in zaro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Tafkin yana cika da damina ya malale fadamun gefensa, in kaka ta yi ya fara ja da baya ya bar laka mai ciyawa a sama, wadda ko akuya ta san ba a taka ta. Na tsaya tsakiyar fili kamar dashen rogo, littafi a sama, balbelu na kallona. Taubashina ya zauna a tudu ya ce zai cece ni in na amsa a gaban shaidu cewa ni ne bawa. Na ƙi. Laka ta kai cinya. Na amsa.

Masuncin ne ya shimfiɗo mini gorar tuƙi, su biyu suka ja ni kamar tarwaɗar da ta ƙi fita rami. Takalmin ƙafar hagu yana can har yau. Ina zaune ina kankare laka masuncin ya ba ni karatu kyauta. Ya ce ruwan ƙasar nan ba a yi masa gardama: Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ya yi gwiwa ya koma Najeriya, kuma tun da aka yi madatsar Jibiya zuwansa ya canza, amma ranar da ya ga dama yana tuna tsohuwar hanyarsa. Ya tuna mini cewa birnin Maraɗi kansa, da sarkinsa da fadawansa, ruwa ne ya tashe shi daga kwari a 1945 ya koma kan tudu. "To kai wane ne?" in ji shi. Ya sayar mini da karfasa huɗu, na biya ban ce uffan ba.

Da a nan abin ya tsaya da na dawo Kano da sauran mutuncina. Washegarin ɗaurin aure, bayan la'asar, mai gari ya tara magidanta a ƙofar masallaci kan maganar famfon garin da ya lalace wata biyu. Mata sun koma tsohuwar rijiya, guga da igiya tun asuba, wasu kuma suna sayen jarkar ruwa daga masu amalanke. Aka fara karo-karo. Wannan ya ce dala ɗari, wancan ya ce tiya biyu ta gero, wani ya ce zai ba da zakara. Na ga dama ta samu. A lissafina takardar 10,000 guda ɗaya ta isa ta wanke ƙosai da laka da ƙarƙashin gado gaba ɗaya. Na miƙe, na gyara murya, na ce, "Ni na ɗauki dubu goma."

Wurin ya yi tsit. Taubashina ya yi zumbur ya tashi, ya juya wajen jama'a kamar sanƙira ya ce, "Kun ji! Ɗan 'yarmu na Kano ya ɗauki dala dubu goma. Jika hamsin ke nan!" Aka ɗauki kabbara. Liman ya ɗaga hannu ya yi mini addu'ar da ban taɓa samun irinta ba, har da zuriyata da ba a haifa ba. Daga cikin gida na ji guɗa. Kawu, wanda tun zuwana bai dube ni da fara'a ba, ya share ido da bakin rawani ya ce ashe 'yar'uwarsa ta haihu.

Na buɗe baki in yi gyara, sai idona ya faɗa kan yarinyar nan mai ƙosai tana tsaye da farantinta a bayan sahu. Garin nan kaf ya shaida an koya mini dala a gindin bedi. In na ce ban san da dala ake magana ba, na zama dabbar da ba ta jin karatu. In na ce na sani, 50,000 ta hau kaina. Magana zarar bunu. Na zaɓi bashi.

Na zazzage abin da ke cikin walat, da kuɗin motar komawa, ya kama jika ashirin. Kawu ne ya biya mini kabu-kabu zuwa Ɗan Isa, ina sanye da silifas ɗin matarsa. Na yi alkawarin aiko da jika talatin in an yi albashi, sai wata ya bi wata. A tsakiyar 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, ita kuwa sefa tana ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsa ba. Ina zaune a ofis bashina ya yi ta hauhawa ba tare da na ƙara cin ƙosai ɗaya ba. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, Allah ya gafarta mini, na ɗan ji sanyi a raina. Mako bai cika ba taubashina ya kira ya ce iyaka ta motoci ce aka rufe, akwai mai kawo tumaki Kano ta hanyar daji duk sati, in ba shi saƙon.

An gyara famfon tun a ranin farko da kuɗin zakara da tiyoyin gero da jikata ashirin. Na aika da sha biyar a hannun mai tumaki. Saura jika goma sha biyar, wato dala dubu uku, wato 15,000, kuma yarinyar mai ƙosai ce yanzu ke riƙe da littafin kwamitin ruwa.