Kotun Koki Ta Zauna Kan Shari'ar Amurka

A Koki, unguwar su Ɗantata a Kano, akwai kotun da ke zama kullum bayan Isha'i a kan bencin mai shayi. Alƙalanta ba su da albashi, ba a ɗaukaka ƙara, kuma shari'a ɗaya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: cikin kafofin labaran waje, wa ke ƙin jinin Amurka, wa ke yi mata amshin shata?

Ɓangaren Alhaji ya rantse hassada ce ke cin jaridun Turai, shi ya sa ko tari aka yi a Amurka sai sun buga a shafin farko. Ɓangaren Malam ya ce, "Haba Alhaji, ai duk kanwar ja ce." Hujjar kowa hoton kanun labari ne da aka turo ta WhatsApp, rabinsa a guntule. Jaridar kanta babu wanda ya taɓa riƙewa, sai ko mai tsire ya naɗo masa nama a ciki.

A fagen rediyo kuwa, a ba alƙalan nan girmansu. BBC na Hausa tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, Muryar Amurka tun 1979, RFI ta shigo a 2007. Dattijon da ya shekara 40 da akwati a kunne, daga gyaran muryar mai karanta labarai yake gane inda aka dosa, ko dai haka yake faɗa.

Sai ga Maris na 2025. Shugaba Trump ya sa hannu a wata doka, Muryar Amurka ta yi tsit, fadar White House na zarginta da son kai da adawa da shugaban. Kotun Koki ta rikice. Alhaji ya kurɓi shayi ya ce, "To Malam, kai da ka ce bakin gwamnati ce, ya mai gida ya toshe bakinsa da kansa?" Malam bai ko ɗago ba: "Dabara ce." Wannan kalma ba ta taɓa faɗuwa shari'a a Koki ba. Ita ta yi aiki da sojojin Nijar suka dakatar da RFI a Agustan 2023, ita ta sake yi da suka dakatar da BBC wata 3 a Disambar 2024.

Alhaji dai ya riƙe tutarsa, har da Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata 3 a Yulin 2025, ga ɗansa a layi. Amma da Trump ya yi barazanar turo soja Najeriya a farkon Nuwamba, sai ga shi da waya a hannu yana kumfar baki: jaridun nan matsorata ne, an saye su, sun kasa faɗa wa Amurka gaskiya. Malam ya matsa masa wuri a bencinsu, ya kuma sa mai shayi ya rubuta kofinsa a bashin Alhaji.