Zakaran Kawu a Kan Dutsen Tiga

Marigayi Audu Bako ba ya son ƙaramin abu. Tsakanin 1967 da 1975 da ya yi gwamnan Kano, ya yi gidan namun daji a birni, ya gina otal a bakin tafkin Bagauda inda yau ake horar da lauyoyi, sannan ya tare Kogin Kano a Tiga. An fara aikin madatsar a 1971, aka gama a 1974, ruwa ya shafe murabba'in kilomita 178. Irin wannan ruwa kuwa bai kamata a kalle shi a tsaye ba, sai aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse, don manya su kalle shi a kishingiɗe.

Ni ma na so a lissafa ni cikin manyan. Lokacin ina saurayi, an yi mini ƙarin girma a wurin aiki, na ari Fijo a wurin wani aboki, na ce bari in nuna wa Kawu cewa karatun da ya taimaka aka biya bai faɗi ƙasa banza ba. Kawu yana cikin mutanen da ruwan ya tasa. Gonarsa tana ƙarƙashin tafkin, shi kuma bai taɓa yarda cewa ta daina zama tasa ba.

Na same shi a shirye: tabarma a naɗe, buta, sanda, da jan zakara an ɗaure masa ƙafafu.

"Kawu, wannan fa?"

"Kai yaro, gidan mutum za mu kwana, in je hannu rabbana?"

Na ce otal ba gidan kowa ba ne. Ya ce bai taɓa ganin ginin da ba shi da maigida ba.

A wurin karɓar baƙi, wani matashi mai farar riga ya gaishe mu cikin ladabi. Kawu ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya miƙa zakara bisa teburi. Matashin ya yi godiya, ya ce ba su karɓa. Kawu ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane, ya raɗa mini cewa bara ne, yana tsoron karɓa maigida ba ya nan. Haka muka hau sama mu uku, zakara a cikin babbar rigata, ina tari duk sanda ya motsa.

Ɗakin ya yi kyau, ba ƙarya. Na kunna na'urar sanyaya ɗaki ina jiran yabo. Kawu ya tsaya jim, ya ce hunturun Allah ya ishe shi, ba sai ya sayi wani ba. Na kashe. Ya danna katifa da sanda, ya ga ta lotsa ta dawo, ya ce abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya ba ya ba shi amanar bayansa. Ya shimfiɗa tabarma. Sai da ya leƙa taga ne ya saki fuska.

"Ga ta can! Daga inda kwalekwalen nan yake, har wajen tsamiya."

Babu tsamiya. Ruwa ne iya ganinka. Amma ya bi mini iyakar gonar kusurwa-kusurwa, har da inda maƙwabcinsa ya ci masa kunya biyu, maganar da ya ce ba ta mutu ba.

A ɗakin cin abinci aka kawo soyayyen kifi. Kawu ya ci ya suɗe hannu, sannan ya tambayi mai kawo abincin daga ina kifin yake. Bawan Allah ya ce na Tiga ne, yau aka kamo. Shi ke nan. Kawu ya hana ni ciro kuɗi. Ya ce kifin nan a gonarsa ya yi kiwo, kuma ruwan da ake kai wa masu shinkafa da tumatir a Kura da Kadawa ta kan gonarsa yake bi, bai taɓa ganin ko ƙwandala ba, yanzu kuma a sayar masa da amfaninsa? Wasu Turawa a teburin kusa suka ajiye cokula suna kallo. Sai da na yi kamar zan je wanke hannu na biya a ɓoye. Kawu ya fito yana cewa yaran suna da kunya, da aka faɗa musu gaskiya ai sun yafe.

Zakara kuwa a banɗaki na kulle shi. Ɗaki ne mai tayil sama da ƙasa, kowane sauti sai ya ninka. Tun kafin assalatu ya buga cara, ginin ya amsa kamar an kira sallah a cikin rijiya. Na diro daga gado, na rufa masa tawul, ya kuɓuce, ya hau kan famfo ya sake bugawa. Wani ya daki bango daga ɗakin kusa. Kawu na zaune yana jan carbi, ya ce in bar shi, shi kaɗai ne a gidan nan ya san aikinsa.

Da hantsi muka nufi Falgore, dajin da a da ake kira Kogin Kano, wanda hanyar Jos ta ratsa bayan Tudun Wada. Na yi wa Kawu alkawarin ɓauna da gwanki. Birai muka gani a bakin titi, su ma mu suke kallo. Na fito da kyamara, ɗaya ya shiga ta taga ya yi gaba da ƙunshin ƙosanmu. Kawu ya ce waɗannan ai tun yana yaro suke ɓarnar dawa, bai san har mota ake arowa a zo gaishe su ba.

Da muka koma sallamar ɗaki ya matsa sai na faɗi kuɗin kwana. Na raba uku na faɗi kashi ɗaya. Ya yi salati, ya auna shi da buhunan dawa, ya sake salati.

A bakin ƙofa wani dattijon maigadi ya taso ya yi mana sai wata rana. Kawu ya miƙa masa zakara. Dattijon ya karɓa hannu biyu, ya sa albarka, ya tambayi mutanen gida. Har Kawu ya bar duniya yana gaya wa jama'a cewa ya ga mai Rock Castle ido da ido, mutum mai sauƙin kai, yana da bene a kan dutse amma a bakin ƙofa yake zama kan benci.