Mutanen Newbridge sun bugo waya

A Amurka akwai masu sauraron rediyo da suka san mutanen Newbridge fiye da danginsu. Matsalar ɗaya ce, garin ƙirƙirarre ne. Tun shekarar 2000, a shirin barkwancin Tom Scharpling da ya faro a tashar WFMU, mutanen garin ke bugo waya, kuma kusan dukkansu maƙogwaronsu ɗaya, na Jon Wurster, makaɗin ganga. Masoya shirin sun haddace halin kowa. Za a ce shirme ne ƙaunar wanda ba a ma haifa ba. To, wane laifi ya yi? Ba ya cin bashi, ba ya sallama daidai lokacin tuwo, in surutunsa ya yi yawa a murɗe rediyo, kuma ba zai kai ƙara wajen mai unguwa ba.